Gahawar Mai Inji

Wata rana, a tsakiyar bazara, irin zafin Kanon nan da ƙadangare ke tafiya a kan yatsu, aka aiko kirana in je in yi wa maƙwabcina shaida.

Ba shaidar kotu ba. Shaidar aure.

Sunansa ba zan faɗa ba, don mahaifiyarsa mutuniyar kirki ce, kuma tana aiko mana da waina ranar Juma'a. Mu kira shi da sunan da unguwa ke kiransa idan ya ba da baya: Mai Inji.

Mai Inji yana da shagon sayar da wayoyi. Wata shekara ya je Istanbul sarin kaya. 'Yan kwanaki ya yi, ko sabulun da ya tafi da shi bai ƙare ba. Amma da ya dawo, Hausa ta fara yi masa nauyi a baki.

Kuma ya dawo da inji.

Injin gahawa ne, wai shi esfireso. Baƙi da ruwan azurfa, da ɗan agogo a goshinsa, da wani siririn bututu a gefe mai feso tururi. Idan ya kunna shi, kajin layinmu sai su shige ƙarƙashin mota.

Tun daga nan muka shiga uku a waya.

Kullum bidiyo. Ga Mai Inji da atamfar girki ɗaure a ƙirji kamar kukun otal, ga sikeli, ga tambulan dogo, yana koya wa al'umma yadda ake haɗa gahawa mai ƙanƙara a gida. Al'ummar da rabinta ba ta ga ƙyallin wutar lantarki ba tun Sallar da ta wuce.

Shayi kuwa, a bakinsa, ruwan sukari ne na waɗanda ba su waye ba. Haka yake faɗa, yana yamutsa hanci.

To ni ina tashi da wuri.

Kuma teburin Ɗan'azumi mai shayi yana bayan layinmu, a wani lungu da mai mota ba ya bi.

Kullum da sassafe, a bencin ƙarshe, akwai wani mutum da ke zama ya juya wa titi baya, ya ja hula har gira. Shayinsa mai kauri, madara har cokali na tsayawa, sukari kamar za a yi gini. Da rabin burodi.

Ni ban ce komai ba. Ni mutum ne mai rufa asiri, kamar yadda kuke gani.

Gahawar bidiyo kuwa, da an kashe waya, wani fure da ke bakin tagarsa ake juye wa. Furen nan ya fara da daina barci. Daga baya ya daina rayuwa.

Saura abu ɗaya ku sani kafin mu shiga falo.

Duk layinmu Mai Inji ne kaɗai mai sola, shi ne kaɗai firizarsa ke sanyi dare da rana. Matan unguwa sun roƙa a ajiye musu nama, ya ce firizarsa ba ta haya ba ce. Mutum ɗaya ce bai iya hanawa ba: mahaifiyarsa, Inna Delu, wadda ke zaune a tsohon sashen gidan ta baya.

Ita ma sai da ya kafa mata doka.

Ya ce robobin fenti da ƙulle-ƙullen ledarta suna zubar masa da aji, don idan ya buɗe firiza waya na ɗauka. Daga yau, duk abin da zai shiga firizarsa, sai dai ya shiga a mazubi mai tsari.

Ku riƙe wannan dokar. Za mu dawo kanta.

Yarinyar da yake nema sunanta Rumasa'u, malamar jinya ce. A nan kam ba zan yi masa ƙage ba, yana sonta. Mutumin da ke yi wa kowa kallon ƙasa-ƙasa, idan ta kira shi a waya har miƙewa tsaye yake yi.

Mahaifinta ya rasu. Aurenta yana hannun ƙanin mahaifiyarta da ya riƙe ta tun tana ƙarama, Kawu Sambo, tsohon alƙali, mazaunin Rano. Dangin uba ma sun ce abin da ya yanke shi ke nan.

Kawu ya yi bincikensa kamar yadda aka saba. Ya ji yaro yana da sana'a, yana sallah, ba ya shaye-shaye, asalinsa ba abin kunya. Abu ɗaya ya rage: ya ce yana so ya zo da ƙafarsa ya zauna da shi, da wani dattijon maƙwabci a gefe.

Dattijon maƙwabcin ni ne. Allah Ya kyauta.

Wato aure ya riga ya zo bakin ƙofa. Abin da ya rage wa Mai Inji kawai ya gaida tsoho, ya ba shi ruwa, ya yi shiru.

Ruwa. Da shiru.

Biyun nan duk sun fi ƙarfinsa.

Kawu ya iso bayan la'asar. Motar haya daga Rano, sannan adaidaita daga tasha. Babbar rigarsa ta manne a baya don gumi, leɓensa ya bushe har ya yi fari. Ya jingina sandarsa, ya zauna, aka gaisa.

Duk wanda aka haifa a ƙasar nan ya san abin da ke biyo bayan gaisuwa.

Na saurari ƙarar kwanon sha. Shiru.

Maimakon haka, Mai Inji ya ɗaura atamfarsa, ya kafa waya a kan 'yar sandarta, ya ce wa Kawu ba zai ba shi ruwa ba tukuna, don ruwa yana kashe harshe, kuma abin da zai haɗa masa yana bukatar harshe mai rai.

Kawu ya dube ni.

Ni na dubi silin. Silin mai kyau ne, ban taɓa lura ba.

Aka fara aiki.

Ya auna ƙwayar gahawa a sikeli, ya cire ƙwaya ɗaya, ya mayar, ya sake cirewa, kamar mai sayar da zinare. Ya niƙa. Ya zuba garin a wani ludayin ƙarfe mai mariƙi, ya danna shi da wani abu kamar hatimin dagaci. Ya ɗaura a inji, ya murɗa.

Inji ya yi gurnani, ya yi tari, ya yi nishi. Bayan duk wannan naƙudar, abin da ya haifa bai fi cikin murfin kwalba ba.

Duk wannan lokacin bakin Mai Inji bai huta ba. Ya yi bayanin ƙwaya, ya yi bayanin kumfa, ya yi bayanin yadda mutanen Italiya ke yi, shi da ko filin jirginsu bai taɓa sauka ba. Ya ce matsalar mutanenmu ita ce ba su san ɗanɗano ba, komai sai an cika masa sukari.

Na tuna bencin Ɗan'azumi. Na sake duban silin.

Sai ya ce yanzu zai nuna mana sirrin da ba kowa ya sani ba.

Ya ce ƙanƙarar ruwa ta 'yan koyo ce. Tana narkewa ta tsinka gahawa ta zama salam. Shi gahawar kanta yake dafawa, ya zuba a mazubin ƙanƙara, ta daskare. Idan ta narke, gahawa ce ke narkewa cikin gahawa.

Wannan kam dabara ce, ban ƙi ba.

Ya buɗe firiza, ya juya kaɗan don waya ta ɗauka da kyau, ya zaro mazubin nan mai gida-gida. Ƙanƙara ce jawur-jawur, ruwan ƙasa, reras.

Ya zazzage ta a dogayen tambulan biyu. Ya tsiyaya madara mai sanyi. Sannan ya ɗaga hannu sama, ya zubo baƙar gahawar a hankali, tana ratsa farar madara tana sauka kamar hadari.

Gaskiya abin ya yi kyau a ido. In don ido ne, da an ɗaura aure a wurin.

Tambulan biyu ya haɗa, ɗaya na Kawu, ɗaya nawa. Shi ya ce ya riga ya sha nasa da safe.

E, ya sha. Na gan shi.

Kawu ya ɗaga tambulan ya duba ta wajen haske. Wasu 'yan idanun mai sun fara tasowa suna yawo a sama. Ya tambaya, cikin ladabi, wannan maiƙon fa?

Mai Inji bai ko leƙa ba. Ya ce ai man ƙwayar ne, alamar gahawa mai daraja ta ɗaya ke nan, ta kasuwa ba ta yin haka.

Na yi bismilla na kurɓa.

Jama'a.

Da farko ɗaci ya gaishe ni. Sanyi ya biyo baya. Ina cewa an gama, sai gishiri ya yi sallama. Tafarnuwa ta shigo ba ta ko cire takalmi ba. Sannan citta, da kimba, da masoro, suka zo a jere kamar 'yan gaisuwar mutuwa. Daga ƙarshe barkono ya kama ni a maƙogwaro ya ce ina za ka.

Na hango kakata da ta rasu tana ɗaga min hannu.

Amma ni na haifi 'ya'ya, na san wannan ɗanɗanon. Duk namijin da ya taɓa satar kurɓa a tukunyar mai jego ya san shi.

Romon kaza ne. Romon jego.

Kuma a makon nan ƙanwar Mai Inji, Uwani, ta zo wankan gida. Duk layinmu mun kwana muna shaƙar tukunyar Inna Delu.

Na ajiye tambulan a hankali, na kama addu'a a zuci.

Kawu kuwa, tsohon alƙali, ya kafa baki ya sha. Ya sauke. Ya sake sha har ya kai rabi. Fuskarsa ba ta motsa ba. Gumi ne kawai ya tsattsafo a kan hancinsa, kunnuwansa suka yi ja.

Ya tambayi Mai Inji ko kullum haka take.

Mai Inji ya ce kullum. Hannunsa ba ya canzawa.

Sai tsohon nan ya buɗe masa ƙofa, wallahi har da tagogi. Ya ce shi mutumin ƙauye ne, bai san kan abin ba, amma kamar yana jin yaji-yaji. Ko dai an samu kuskure wajen haɗawa?

Da mai hankali ne, da ya karɓa ya shinshina.

Mai Inji ya yi wata 'yar dariya ta tausayi. Ya ce lallai harshen Kawu yana da kyau, ba kowa ke kama wannan ba. Ƙwayar daga tsaunukan Habasha take, ƙasar wurin ce ke da yaji-yaji, masana suna biɗarta ido rufe.

Kawu ya gyaɗa kai a hankali. Irin gyaɗawar da na tabbata mutane da yawa sun gani kafin a wuce da su gidan yari.

Sai ya miƙa masa sauran rabin.

"A gidanmu, wanda ya dama shi ke fara kurɓa. Na yi maka rashin ladabi na riga ka. Bismilla, ɗana."

Falo ya yi tsit. Ko injin ya daina tsiyaya.

Mai Inji ya karɓa. Ya dubi tambulan, ya dubi waya da ke ɗauka, ya dubi Kawu. Ya kai baki.

Na ga lokacin da gishiri ya yi masa sallama. Na ga lokacin da tafarnuwa ta shigo. Da barkono ya iso, idonsa na hagu ya rufe da kansa, wata jijiya ta miƙe a goshinsa, hawaye ya cika ɗaya idon.

Ya haɗiye.

Ku saurara da kyau, don nan ne duk labarin yake.

Da a ce ya furzar, ya yi dariya, ya ce Kawu ka yi haƙuri, wallahi ban san me ya shiga ciki ba, ni kaina ban iya shan abin nan ba, to na rantse da an sa rana kafin magariba. Tsohon nan dariya yake jira. Na ga gefen bakinsa yana rawa.

"Yaya ka ji ta?" in ji Kawu.

Mai Inji ya share ido da bayan hannu, ya gyara murya.

"Yau ma ta fi ta kullum fitowa, Kawu."

Gefen bakin Kawu ya daina rawa.

Daidai nan aka yi sallama daga ƙofar baya. Inna Delu ce, da 'yar tukunya a hannu, ta zo ɗibar romon Uwani za ta ɗumama mata.

Mai Inji ya yi wuf ya tare ta, yana raɗa mata ta koma, yana da baƙo, ana ɗaukar bidiyo. Amma Kawu ya riga ya miƙe yana gaishe ta, ita kuma ta riga ta hango mazubi a kan tebur, wayam.

Ta tambaya ina romonta.

Ta dubi tambulan da ke hannun ɗanta, ta matso, ta shinshina, ta dafe ƙirji.

Nan bayani ya fito, tsaf, ba tare da kowa ya nema ba.

Ashe jiya ta zo ajiye romo, ta tuna dokar mazubi mai tsari. Ta buɗe firiza ta ga mazubin cike da wata ƙanƙara mai datti, ta ce oho, tankin yaron nan ya yi tsatsa bai sani ba. Ta zubar a makwarara, ta wanke mazubin tas, ta tace romonta ta zuba a ciki gida-gida, yadda ba zai zubar wa kowa da aji ba.

Doka dai ta bi.

Abin da ya dame ta ma ba gahawar ba ce. Kazar gida ce guda, ta kiwonta. Ta ce da ya faɗa mata baƙonsa mai son romo ne ai da ta ɗumama ta kawo a kwano kamar na mutane, ba a ba bawan Allah da sanyi da madara ba.

Mai Inji yana tsaye, atamfa a ƙirji, tambulan a hannu. Hausarsa ta dawo garau, amma ba abin faɗa.

Kawu ya ce wa Inna romonta ya yi daɗi, hannunta da albarka, ko a daskare an san gwana ce ta dafa. Sannan ya roƙe ta ruwa.

Ta dubi ɗanta. Ta tambaya, wai tun zuwan baƙon ba a ba shi ruwa ba?

Ba ta jira amsa ba. Ta fita ta ɗebo daga randarta a kwanon sha. Kawu ya karɓa da hannu biyu, ya shanye tas, ya yi hamdala mai tsawo.

Ya ɗauki sandarsa. A bakin ƙofa ya tsaya, bai ɗaga murya ba.

"Ɗana, na yi zaman kotu har gemuna ya yi fari. Na ga mai ƙarya don tsoro, na ga mai yi don yunwa, duk na san yadda ake zama da su. Amma mutumin da bakinsa ke ci da wuta ya dube ni ya ce daɗi yake ji, ban san ranar da Rumasa'u za ta ji gaskiya a gidansa ba. Marainiya ce. Ba zan kai ta inda sai ta shinshina kowace magana ba."

Ya fita.

Ni ma na fita, don ina bukatar randa.

Bayan kwana biyu aka tura ni Rano ba da haƙuri, tunda ni ne dattijon shaida. Kawu ya karɓe ni hannu bibbiyu. Kafin in zauna daidai, ruwa ya iso. Na gane saƙon.

Na yi iya yina. Na ce yaro ne, kunya ce ta kama shi, waya na ɗauka, ga surukai. Kawu ya saurare ni har na gama, sannan ya ce, Malam Iro, kai da aka kira shaida, me ka shaida?

Na ce na shaida romon ya ji kimba.

Ya ce to mun yi ittifaƙi.

Rumasa'u ta yi kukanta, don ita ma tana sonsa. Amma an ce da aka ba ta labari dalla-dalla, ta ce ta sha tambayarsa ko da gaske yana jin daɗin abin nan mai ɗaci, kullum sai ya ce mata ba ya iya wuni bai sha ba. Daga nan ba ta sake ɗaga wayarsa ba.

Bidiyon ranar bai fito ba. Ba komai. Ni ina nan.

Za ku ce ai yanzu ya yi hankali.

Jiya da sassafe na bi ta lungun Ɗan'azumi. Mutumin bencin ƙarshe yana nan, baya ga titi, hula har gira, cokali a tsaye cikin madara.

Da hantsi na buɗe waya. Ga atamfa, ga sikeli, ga dogon tambulan, ana koya wa al'umma ɗanɗano.

A bakin taga kuma an sayo sabon fure.

Allah Ya ba furen haƙuri.

Darasi:

Ba romo ne ya hana auren nan ba. Kowa na iya zuba ƙanƙarar da ba ita ba. Kuskure da dariya ake wanke shi, tsofaffi ma sun fi kowa son a yi dariyar.

Abin da ba ya wankuwa shi ne ka haɗiye wuta ka ce sanyi ce, don kada a ce ba ka waye ba.

Idan shayi kake so, sha shayinka ka fuskanci titi. Idan ba ka san abu ba, ka ce ban sani ba, ba a taɓa kai kowa asibiti don ya faɗi haka ba. Idan baƙo ya zo, ba shi ruwa kafin ka ba shi lacca. Kuma kafin ka kafa wa mahaifiyarka doka, ka tuna za ta iya bin ta.

Kowa a nan yana da Mai Inji ɗaya a wayarsa. Tura masa wannan. Kada ka rubuta komai a kai, kada ka kira suna.

Idan ya amsa da cewa labarin ya yi daɗi, to ka san ya haɗiye.